Larabar da Mai Ya Ƙi Fita

Ladan yana cikin kiran Azahar, wata Laraba a farkon kaka, man gyaɗa ya fara ƙin fita a gidanmu na Gumel. Na riƙe lokacin domin na jingine allona ke nan zan yi alwala, na ji Goggo, ƙanwar Baba, tana tambayar turmi ko lafiya.

A shekarun nan gyaɗa ta yi daraja, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano. Kowace Laraba mata huɗu ke haɗuwa a tsakar gidanmu: Goggo, matar kawuna, da maƙwabta biyu. Su soya, su daka, sannan su zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan suna juya ƙullun da taɓarya har mai ya taso. Da asubar Alhamis a ɗora wa jaki zuwa kasuwar Maigatari. Juyin nan aikin ƙarfi ne, amma da waƙa suke yinsa. Kowacce ta tsokani mijin ta kusa da ita, wadda aka tsokani mijinta ta fizge taɓarya don ta rama, ana ta shewa. Ni kuwa ina bakin ɗakin Inna da karatuna. Ina jin daɗinsu, amma kunya ba ta barina in yi dariya a fili.

Ranar nan aka juya, aka juya, abin da ya fito bai cika ludayi biyu ba. Aka ce gyaɗar ce ba ta ƙosa ba. Laraba ta zagayo da wata gyaɗar daga Gagarawa, aka sake yin asara. Sai matar kawu ta waiwayo ta daɗe tana kallona.

"Ke 'yar Malam, tashi ki shiga ɗaki. Mutum ya zauna ya zuba wa abu ido ko ƙyaftawa babu."

Ba wanda ya ambaci kalmar maita, amma kowa ya san inda maganar ta dosa. Kafin mako ya fita, maƙwabciyarmu ta daina ba ni goyon jaririnta. A rijiya 'yan mata suna janye tulunansu in na matso. Na san wata tsohuwa a unguwarmu da aka liƙa wa irin wannan suna, har ta rasu ba mai cin tuwonta.

Aka kulle ni a ɗaki Larabar da ta biyo, man bai fita ba. Na ɗauka na kuɓuta. Matar kawu ta ce ai ido irin wannan katanga ba ta tare shi.

Daga nan ni ma na fara zargi. Ta ramin ƙyaure nake leƙe. Na zargi ruwan, ko wata na sirka shi da na sanyi. Na zargi matar kawu, ko tana kwashe man ta ɓoye. Na bi hannun kowacce da ido, ban kama kowa ba. Abin da na gani kawai shi ne ba mai waƙa. In Goggo ta gaji, sai ta saki taɓarya a turmi ta koma gefe, matar kawu ta tsaya gyara zane, kamar ba ita ake jira ba. Maƙwabtan kuma kowacce na jiran ɗaya.

Na tambayi Inna, ta ce in yi shiru. Na tambayi Baba, ya rubuta mini addu'a na sha. Daga ƙarshe na je wurin kakata, na same ta tana kaɗi a inuwar rumbu. Na durƙusa na ce, "Iya, da gaske ni ce?"

Ba ta ajiye mazarinta ba.

"Ke da me? Goggonki da matar kawunki sun yi cacar baki kan akuya ta ci wake, ko gaisuwa ba sa yi. Mai kuwa ba ya jiran masu fushi. Kafin wannan ta ga damar karɓar taɓarya, ƙullu ya huce. Su ma sun sani sarai. Cewa ke ce ya fi musu sauƙi da ɗaya ta fara gaida ɗaya. Tashi ki kira mini su duka biyun, ke ma ki zauna a nan inda za su gan ki."