Ranar da Aka Auna Ƙashin Doguwa

Doguwa ake ce mata tun tana budurwa, don sai ta sunkuya take shiga ƙofa. Shekara ashirin da shida tana shara a wata makaranta, da tsintsiyar ta raini 'ya'ya biyar. Da ta ajiye aiki, babban ɗanta ya kawo ta gidansa, wai ta huta. Hutun kuwa shi ne rainon tagwayensa, da wanki, da hawa bene sau goma a rana.

Da bayanta ya fara ciwo, matar ɗan ta ce, "Inna, tsufa ne, kowa da nasa." Sai ranar da ta ɗaga bokiti ta ji ƙas a haƙarƙarinta.

A asibiti likita ta auna tsawonta, ta tambaye ta yaushe al'ada ta ɗauke mata, ko mahaifiyarta ta taɓa karaya. Sannan aka kwantar da ita a gadon wata na'ura, hannun na'urar yana tafiya a hankali bisa ƙugunta da gadon bayanta. Babu zafi. Har barci ya so ɗaukarta, don rabonta da kwanciya da rana ta manta.

"Ƙashinki ya zama kamar soso, Mama," in ji likita. "Ga magani. Kada ki ƙara ɗaukar abu mai nauyi, ko da yaro ne."

A mota matar ɗan ta ce, "To yanzu wa zai riƙe yaran?"

Ɗan ya kira ƙannensa a waya ɗaya bayan ɗaya, a kunnen uwar. Wannan ya ce gidansa ya yi kaɗan, waccan ta ce mijinta ba zai yarda ba. Autan ya yi dariya. "Yaya, ka ci moriyar ganga, yanzu za ka ya da kwaurenta?" Shi ma bai ce a kawo ta ba.

Suka ɗauki mai raino, suka ba ta ɗakin Inna. Ita kuma aka shimfiɗa mata katifa a sito, gefen kicin. Aka gargaɗi tagwayen: "Kar ku taɓa Kaka, karyewa take."

Wata safiya ɗayansu ya manta, ya rugo da hannuwa a sama. Ta mai da nata hannuwan baya, ta ce, "Je ka wurin mai rainonka." Ya yi ta kuka har aka zo aka ɗauke shi.