Baƙuwa a Cikin Kwamfutarta

A layin teloli, in ka ce Mai Zare, kowa ya san wadda kake nufi. Muryarta a dishe take, don ta saba magana injina na ƙara. Da allura ta fara surfani a tsakar gida, kafin ta kama shago mai ƙofa ɗaya. Da aka kawo injin da ake tura wa zane daga kwamfuta, ta zauna ta koyi zana furanni a laftof, ido ɗaya a kanne. Duk abin da ta zana tun lokacin yana ciki: wuyan riga, bakin hannu, gefen mayafi. Da su take ci, da su take sha.

Ƙaninta Auta, wanda ta koya wa saka zare a inji, shi ya fara kuka da laftof ɗin.

"Yaya, wannan ai rarrafe take yi. Kawo in sa mata sabuwar manhaja, ki ga gudu."

Ta ba shi. Ya dawo da ita fes, ya ce yana da uzuri, ya fita.

Gudu kam ta yi, sai dai inji ya daina jin maganarta. Mai Zare ta cire waya ta hura bakinta ta mayar, ta kashe ta kunna, shiru. Zanenta ma ko ɗaya ba ta gani ba. Duk inda ta taɓa, sai wani ɗan akwati ya fito yana neman lambar sirri.

Ta rungumi laftof ta nufi shagon mai gyara a ƙarshen layi.

"Direba ne babu, Hajiya," in ji shi.

"Direba kuma? Mota na kawo maka?"

"Ɗan abin da ke sa kwamfuta ta gane inji ne. Yanzu zan sa miki."

Ya danna nan, ya danna can, sai hannunsa ya tsaya.

"Wa ya sa miki manhajar nan?"

"Ƙanina."

"To shi ne mai gida a ciki. Ke a baƙuwa ya rubuta ki. Baƙo ba ya sa komai, ba ya cire komai."

"Zanena fa?"

"Suna ɓangarensa, ya kulle. Irin kullen da ba na iya karyawa."

"Mantuwa ce. Yaron akwai rawar kai."

Mai gyara ya sosa ƙeya. "Hajiya, wannan sai an zauna an zaɓa."

Ta kira Auta a waya. Kafin ya gama sallama ta ji ƙarar injin surfani a bayan muryarsa, alhali nata yana can a kashe.

"Auta, injin wa nake ji?"

Ƙarar ta ɗauke.

"Da ma ina so in gaya miki, Yaya. Na kama ɗan wuri."

"Allah ya sa albarka. Ba ni lambar."

"Ai ba sai kin wahala ba. Duk zanen da kike so, ki faɗa min in turo miki."

"Ka turo min zanena."

"Namu dai, Yaya. Ni ma na sha zaman shagon nan."

Ta kife wayar a kan tebur, tsakanin sukurori da matattun batura. Ba ta yi kuka ba, ta dai gyara ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba.

Mai gyara ya sassauta murya. "Hanya biyu ce. Ko ki lallaɓa shi ya ba da lamba, ko in goge komai in sake sabo. Inji zai yi aiki yau, amma zanen ya tafi ke nan."

"Shi yana da su?"

"In dai injinsa na aiki, ya kwashe."

Ta dubi allon. A cikin zanen da aka kulle har da furen farko da ta zana, karkatacce, wanda ba ta taɓa nuna wa kowa ba.

"Goge," ta ce. "Amma in ka zo wurin rubuta sunan mai ita, ka tashi daga kujerar nan, ni zan zauna."