Injiniyan Ɗakinmu da Aljanin Tarho

Jama'a, intanet ta dawo, ku zo ku ji aikin "injiniya" Bashir na ɗakinmu a nan ƙasar Larabawa!

Da aka katse intanet, ya jona tsohuwar kwamfuta da layin tarho, wai wata manhaja za ta riƙa kiran wata kwamfuta a ƙasar waje tana kai saƙonninmu gida. Kwana uku yana cewa, "Tamam, komai daidai, sun tafi!"

Yau sai ga mai gidan da muke haya, Ummu Hasan, da malamin ruƙiyya! Wai aljani ke kiranta kowace awa a tarho yana yi mata ƙara a kunne.

Muka duba. Ashe lambarta Bashir ya saka maimakon ta kwamfutar wajen!

Na ce, "Kenan Innata ba ta san ina raye ba?"

Ya sosa ƙeya: "Ma'alish, a yi haƙuri, amma ai tarhon yana kira."