Uwar Kwalabe, Mai Bin Dangin Kumba

Kafin ƙarfe bakwai ta riga ta zura takalmin roba ta gangara bakin tafki, wuƙa a hannu ɗaya, jakar kwalabe a ɗayan. Ta kankare dutse, ta kankare ƙafar gada, ta kankare cikin jirgin masunci idan ya yarda. Idan bai yarda ba, ta jira ya juya baya. Kumba take nema, 'yar halittar nan mai ɓawo biyu da ke manne wa komai a ruwa. Kowace ta samu sai ta jefa a kwalba, ta zuba magani, ta rubuta rana da wuri. Shekara ashirin da shida tana haka, jiya ta ajiye aiki. Ni nake share ɗakin binciken da take aiki, ni kuma na laƙaba mata Uwar Kwalabe, sunan ya zauna daram.

Wannan kumbar baƙuwa ce, ba mu tashi da ita ba. Shekara bakwai da suka wuce ta toshe bututun da ke jawo wa gari ruwa, famfo ya koma ɗigo. Aka shiga tambayar wa ya kawo ta. To ni ba na iya ganin tambaya tana yawo babu amsa. Na ce ai masuntan nan da suka hauro daga kogin kudu, a jikin jiragensu ta zo. Cikinsu har da mijin 'yata, wanda dama bakinsa ya yi mini tsawo. Mutum biyu kacal na gaya wa. Kafin mako ya zagayo hukumar ruwa ta manna takarda: nan da wata guda su kwashe jiragensu daga tafkin. Gida talatin da ɗaya! 'Yata ta zo ta zauna a ƙofar ɗakina, sai ninke zanen goyo take tana warwarewa.

Washegari Uwar Kwalabe ta tarar da ni ina goge tebur.

"Iya, an ce ke kika gano asalin kumba. A wace na'ura?"

"Wace irin na'ura? Ji na yi."

"A bakin wa?"

"A bakina mana."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Sa safar hannu. Tunda ke kika ɓata, da ke za a gyara."

Abin da idona ya gani a makonni ukun da suka biyo baya, har gobe mamaki yake ba ni. Ta yanki tsokar kumba kamar kan allura, ta narkar, ta ɗiga a 'yan bututai, inji ya yi ta gurnani, sai ga layuka a allon kwamfuta. Ta ce, "Kin ga duk gidanku kuna da wushirya? Kumbar nan ma tana da alamar gado, sai dai tata a cikin tsoka take. Wuri goma sha biyu nake dubawa." Ni da na shekara sittin ina gane ɗan wane daga kunne da tafiya, ranar na san ni ɗaliba ce.

Ta je kogin kudu da ƙafarta ta ɗebo. Kumbar can da ta bututunmu ko kaka ba su haɗa ba. Na ce to daga ina? Ta buɗe na uku a jerin firjin ɗakin binciken, ta tura hannu can ƙurya, ta zaro wata kwalba da ta shekara huɗu a ajiye. A jiki an rubuta: ƙasan jirgin yashe, ranar da aka sauke shi daga mota. Jirgin nan daga wata uwa duniya aka ɗauko shi don ya yashe tafkin. Direban da ya kawo shi ya shaida mini ranar har dariya suka yi mata, mace kwance rigingine a ƙarƙashin ƙarfe tana kankara. Aka gwada ta da ta bututunmu. Goma sha biyu cif, babu wanda ya saɓa!

Mai gadin hukumar ya ce da ta shiga taro wani mai babban tumbi ya tambaya, "Ina shugabanki?" Ta ajiye takardu biyu a gabansa ta ce, "Ga su nan, su za su yi magana." Kafin la'asar an ɓare takardar korar. Tun daga nan ba a saka jirgi ko inji a ruwa sai an wanke shi ya bushe. Da rahoto ya fito, sunan shugaba ne a sama, nata can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa. Na yi masifa, ta ce, "Iya, kumba ba ta karatu."

Uwar Kwalabe, ke ce mai haƙurin da bai san ranar amfaninsa ba. Ke ce kika wanke gida talatin da ɗaya da kwalba guda, kika wanke su daga bakina. Ba ki taɓa goranta mini ba, sai dai kika ce in je in faɗa wa surukina da kaina.

Na je. Yana ɗinkin koma ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Iya, ai tun ranar farko na sani. Maganar ta zo ne da wushiryarki, ba sai an sa a na'ura ba."

Mun gode, Uwar Kwalabe, Allah ya huta gajiya. Ku da kuka gaji firjin nan uku, kada ku raina kwalba ko ɗaya, ku yi yadda ta yi. Ni dai ba zan yi muku ƙarya in ce na daina gulma ba. Amma yanzu duk wanda ya kawo mini labari, sai ya faɗi rana da wuri kafin in ɗauka.