Tatsuniyar da Kaka Ba Ta Ƙarasa Ba

A gidanmu na unguwar Sintali, da an idar da magariba kakarmu Dudu takan jawo tabarmarta kusa da murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Bafulatana ce, Hausarta a karkace take, namiji ma "ke" take ce masa. Zamanin Turawa ne, ina 'yar shekara bakwai.

"Ku buɗe kunne, ga ta ta iso," haka take farawa.

Wata rana ta kawo mana wadda ba mu taɓa ji ba. Wai wani sarki ne ya kwashe samarin garinsa su haƙa masa rami a bayan duwatsu, ba wanda ya dawo. Da koke-koke suka ishe shi, sai ya sa aka yi shela: duk wanda ya ambaci sunan wanda ya tafi, za a yanke masa harshe. Aka bi gida-gida ana wanke alluna, ana ƙona takardu, aka fasa gangunan maroƙa. Yara suka tashi ba su san an taɓa yin waɗannan mutane ba. Sai wata tsohuwa, kullum in ta je rafi takan sunkuya ta raɗa wa ruwa sunan ɗanta.

"Kaka, sarkin ya kama ta?" na tambaya.

"Gobe, ɓingel am," ta ce, wato 'yata da Fulatanci. "Gyaɗarki tana ƙonewa."

Washegari muna zaune Baba ya shigo, ko hula babu a kansa. Ya durƙusa gabanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, 'yan doka sun shiga gidan Malam Buba. Sun kwashe takardunsa duka, har waƙar nan. Shi ma sun tafi da shi. Don Allah ki bar tatsuniyar jiya. Yara ne, za su kai ta waje."

Kaka ta daɗe tana juya toka da tsinke.

"To, na bari," ta ce.

Ta ci gaba da ba mu wasu labaran har shekarar da ta rasu, amma wannan ba ta sake taɓa ta ba. Na yi roƙo, na yi fushi, na ƙi cin tuwo. Sai ta shafa kaina ta ce ta manta.

Sai bayan na haifi ɗana na biyu mahaifiyata ta faɗa mini. Malam Buba maƙwabcinmu ne, ya rubuta waƙa da ajami, ya jera sunayen mazan da aka ɗiba aikin tilas a ramukan kuza ba su dawo ba. A cikinsu akwai autan Kaka, Hammadu. An tafi da shi ina goye. Na girma a gidan nan ban san ina da baffa ba.

Na bi tsofaffin unguwannin Sintali da Sarkin Dawaki ina neman wanda ya haddace waƙar. Wani ya ce ya taɓa jin ta. Wani ya waiga bayansa kafin ya ce bai san zancen ba, alhali Turawa sun daɗe da tafiya. Malam Buba kuwa ya dawo daga kurkuku bai ƙara riƙe alƙalami ba.

A da ina ganin laifin Baba. Yanzu na san 'ya'ya biyar gare shi, kuma ya ga abin da aka yi wa maƙwabcinsa. Sauran mazan da ke cikin waƙar ma suna da iyaye da dangi a garin nan. Ni suna ɗaya kawai na samu.