Tanar Roba ta Kawu

Kawuna ne ya koya mini fatsa. Ƙanin uwata ne, ɗan kasuwar atamfa tun muna unguwar Zangwetin a Wagadugu. Da aka rushe unguwa aka watsa mu, shi ya koma Tampuy wajen 'yarsa, ni na faɗa inda na faɗa. Na yi dako, na yi gadi, na haƙa rijiya. Abu ɗaya ne bai canja ba: ran Lahadi muna bakin baraji, madatsar ruwan gari, ni da shi.

Ba ya amfani da sanda. Zarensa a jikin gwangwanin madara yake naɗe. Yana da dalma mai huda a tsakiya, zare ya ratsa ta, tana zamewa sama da ƙasa. Ƙarƙashinta ƙwayar carbi ɗaya, daga tsohon carbinsa da ya tsinke, don kada dalma ta ci ƙulli. Daga nan zare kamar kamu ɗaya, sai ƙugiya da tana. Dalma ta kwanta a laka. Kifi ya ɗauki tana ya tafi, zare ya bi shi ta cikin hudar, bai ji nauyin komai ba. Kai kuwa ka ji shi a yatsa.

Sai ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo rabi, hannun dama bai dawo ba.

Da ya ɗan ji ƙarfi na goya shi a babur muka je baraji. Jifa da hagu bai gagare shi ba. Tana ce ta gagare shi. Tana hannu biyu take so, kuma ƙananan karfasa ba sa barinta ta daɗe a ƙugiya. Ya jawo zare, ƙugiya tsirara, ya miƙo mini. Na sa, ya jefa. Jim kaɗan ya sake miƙowa. Wani mai fatsa kusa da mu, mutumin kirki ne ma, ya ce da Mosanci tsoho ya ji daɗi, ya samu mai yi masa ɗura. Wasa ya yi. Kawu ya naɗe zarensa ya ce mu tafi.

Bai ƙara zuwa ba. Ya kwanta a zaure, fuska ga bango, tuwo sai a kawo a ɗauke.

'Yarsa abokiyar wasata ce, ta yi lakwal, wato boko, tana aiki a farmasi. Ta kira ni a waya, ko gaisuwa babu.

“Kai ɗan dako, zo ka ga yadda ka mayar mini da papa.”

Na ce ni na shanye masa hannu? Ta ce a'a, amma ni na kai shi aka yi masa dariya. Sannan ta bar wasa. Ta ce likita ya faɗa mata in bai riƙa tafiya ba ƙafar ma hannun za ta bi, kuma ba abin da ke fitar da shi waje sai ruwan nan.

Na taɓa ganin wani tsohon soja yana jefa tanar roba a baraji, tun safe har azahar guda ɗaya a ƙugiyarsa. Na bi masu kwancen Turai, waɗanda muke kira Faransa-orbuwa, har na samu wani da tarinsu a kwali, haɗe da tsofaffin takalma. Shi ma bai san kansu ba. Na kwaso na kai Tampuy, na zube a tabarma gaban Kawu.

Ya waiwayo ya duba, ya ce kifin Wagadugu ba sakarai ba ne. Ya mayar da fuska bango. Na bar su a nan. Na san shi. Mutumin da ya tsufa a rumfar atamfa ba ya iya barin kaya a hargitse a gabansa. Kafin in gama shan ruwa ya tashi zaune yana ware su kashi-kashi.

Akwai masu kama da tana, akwai masu kama da ƙaramin kifi, akwai wasu da ƙafafu kamar ƙadangare. 'Yarsa ta duba rubutun ledar da wasu ke ciki ta ce ba Faransanci ba ne. Ta ɗauko wata ja mai ƙyalli ta ce da ita kifi ce, wannan za ta ci.

“Da ke kifi ce da tuni kina cikin miya,” in ji Kawu. “Kawo mini baho da ruwa.”

Ya ce ruwan baraji kalar kunu ne, ƙyalli ba ya aiki a ciki, abu mai duhu kifi ke gani. Ya ture masu ƙyalli gefe. Sauran ya riƙa murza su tsakanin yatsu yadda yake murza yadi. Mai tauri ya ce kifi zai tofar. Mai laushi da yawa ya ce ja ɗaya za ta yage, a dawo ana neman wanda zai sa wata. Masu lanƙwasasshen bindi sun yi kyau a baho in ana jan su, amma da an tsaya sai su mutu. Ya ce waɗannan na mai hannu biyu ne.

Wasu da aka jefa a baho suka nitse kamar dutse, wasu suka tsaya da bindi a sama. Ya rasa dalili, don a ido iri ɗaya ne. Sai ya ɗauki wadda ta nitse ya gatsa kamar goro. 'Yarsa ta kama faɗa rabi Hausa rabi Faransanci, wai bai san hannun da ya taɓa su ba. Ya tofar ya ce gishiri ne a ciki, shi ya sa take da nauyi. Ya ce dalmarsa ta riga ta kwanta a laka, in tana ma ta kwanta wa zai gan ta? Yana son wadda za ta ɗaga ta yi ta rawa da kanta.

Daga tarin nan 'yan kaɗan ya ajiye, baƙaƙe sirara, tsawon yatsa. Ya sansana ya ce warin kalanzir suke. Ya sa aka jiƙa su a ruwan daddawa cikin robar abincin 'yarsa mai murfi. Ta ce ni zan biya ta. Na ce ta rubuta.

Ran Lahadi ya yarda na sa masa ɗaya a ƙugiya, a zaure, ba a gaban mutane ba. Ya ce in ɓoye tsinin cikin jikin robar don kada ya kama ciyawa.

Ranar ba mu samu komai ba. Lahadin da ta biyo ma haka. Amma daga inda nake ajiye babur zuwa bakin ruwa da ƙafarsa yake zuwa, kuma bai miƙo mini ƙugiya ko sau ɗaya ba. Ya gane cewa robar ba a barinta zaune kamar tana. Ya jawo taki ɗaya, ya jira. Ya sake jawowa, ya jira.

Wata Lahadi da hantsi na ga ya daskare. Zare na tafiya a hankali a kan yatsarsa. Ya bar shi ya tafi. Sannan ya fizga.

Zare ya miƙe. Na tashi.

“Zauna,” ya ce.

Na zauna. Ya jawo da hagu ya take zaren da ƙafa, ya miƙa hannu ya sake kamowa. Da kifin ya yi ƙarfi zaren ya kuɓuce daga ƙarƙashin takalminsa, ya cafke da haƙori. Rawaninsa ya warware. Mutumin nan da ya yi wasan ɗura yana nan, ya ajiye nasa zaren yana kallo. Ni hannuwana na sa ƙarƙashin cinya na danne.

Tarwaɗa ce, ba babba ba, kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ya jawo ta kan laka ya take kanta, ya murɗe ƙugiyar ya cire. Yana haki. Robar ta zame ta hau zare, amma ba ta yage ba. Ya riƙe zaren a baki, ya tura ta da babban yatsa ta koma wurinta, ya nutsa tsinin. Ya daɗe yana yi. Da ya gama ya juya dalma a iska ya jefa.

Ya ce in sa kifin a buhu in daina kallonsa.

Bayan wannan bai ƙara jiran Lahadi ba. Yana ɗaukar sandarsa ta dogarawa da gwangwaninsa ya tafi, ya huta a hanya inda ya gaji. 'Yarsa takan kira ni ta ce papa ya sake fita, gidan duk warin daddawa, kuma ni ne sila. Nakan ce ta dafa tuwo da yawa, zai dawo da yunwa.