Ihun da Goggo Ta Yi a Bakin Tafki

Goggo tela ce. Shekara ashirin tana taka keke a wani ɗan shago kusa da tashar mota, ba a taɓa cewa ta ɓata wa wani yadi ba. Aibinta ɗaya, bakinta ya fi tunaninta sauri. Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka 'ya'yan ƙanenta mata biyu, Babba da Auta, su ta ɗauka nata.

Wata Asabar ta kai su lambun shaƙatawa na cikin gari. Suka hau lilo, suka hau dokin katako mai zagayawa har sau uku, sannan suka tsaya kallon agwagi a bakin tafki. Nan wayarta ta yi ƙara, wata mata ce ke ƙorafin zif ɗin rigarta. Goggo ta juya baya tana kare kanta. Da ta kashe wayar, Babba kaɗai ta gani.

"Ina ƙanwarki?"

"Ta bi agwagwa."

Can ta hango wani tsoho cikin koɗaɗɗiyar riga ya saɓa Auta a kafaɗa, yana sauri wajen ƙofa.

"Ɓarawon yara! Jama'a, ku tare shi!"

Kafin ka ce kwabo an yi masa zobe. Wani ya kwaɗa masa mari, wani ya fizgi rigarsa ta yage har ƙasa. Ita ma Goggo ta maka masa jakarta.

Mai gadi ya kutso yana haki. "Ku sake shi! Baba ne fa, mai ban-ruwan furanni!"

Sai a lokacin ta lura wandonsa jiƙe yake har ƙugu, Auta kuma sharkaf.

"Goggo, ruwa na faɗa," in ji yarinyar cikin kuka. "Shi ya ciro ni."

Tsohon ya goge leɓensa da ya fashe. "Ofis zan kai ta, a yi cigiya ta lasifika. Riƙe ta da kyau, 'yata, sanyi take ji."

Jama'a suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ko "yi haƙuri" ta kasa furtawa.

Kwana huɗu ba ta buɗe shago ba. A na biyar ta ɗinka wa tsohon riga, ta koma lambun. Sau biyu tana juyawa daga bakin ƙofa kafin ta same shi durƙushe cikin furanni.

"Baba, na zalunce ka."

"Tsoro ne. Yaya jikin yarinyar?"

Ta miƙa masa rigar. Da ya saka, hannuwan suka rufe masa yatsu, don ran nan ba ta iya ɗaga ido ta kalle shi da kyau ba balle ta ƙiyasta awonsa. Ya naɗe su, ya nuna mata tiyo.

"Ɗan matsa min da shi nan, 'yata."

Ta sunkuya ta ja.